Babi na Tara: Kuɗin Gwamnati a Harkar Fim, Ina Ya Kamata Su Shiga?

Me zai sa gwamnati ta ɗebi kuɗin talakawa ta zuba a harkar fim alhali asibiti babu magani, yara kuma na zaune a ƙasa a aji? Duk inda aka tayar da zancen tallafa wa Kannywood, a majalisar ƙofar gida ko a shirin rediyo na kiran waya, wannan tambaya ce ke fara fitowa. Su kuma 'yan fim nasu kukan bai canja ba shekara da shekaru: sana'ar ta ɗauki dubban matasa aiki, amma hukuma ba ta tunawa da su sai lokacin kamfe ko lokacin kame. Ɓangarorin biyu sun yi hannun riga, amma sun haɗu a kan zato guda, wato cewa tallafi shi ne a kira furodusoshi a raba musu kuɗi. A nan kuskuren yake. Ƙasashen da suka ci ribar fim ba ta wannan ƙofa suka shiga ba, waɗanda kuma suka gwada ta galibi sun yi asara. Za mu fara duba hujjar daga wani gari da ke nesa da Kano ƙwarai.

Garin Koriyawa a gefen Washington

Annandale ƙaramin gari ne a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, mai mutum dubu arba'in da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba zuwa fadar White House. Wanda ya bi babban titin garin, Little River Turnpike, zai ga allunan shaguna da rubutun Koriya, daga gidajen gasa nama zuwa kantunan burodi da ofisoshin lauyoyi, har mutanen yankin suna kiran wurin unguwar Koriyawa. Shekaru talatin da suka wuce, Bakoriyen da ke zaune a nan yakan je kanti ya yi hayar kaset ɗin wasan kwaikwayon ƙasarsu, kamar yadda Bahaushen Kumasi ko Jidda yake jiran mai zuwa daga Kano ya riƙo masa sabon fim. Kallo ne na cikin gida, na masu kewar gida. Yau maƙwabcinsa Ba'amurke, wanda bai san ko gaisuwa da harshen Koriya ba, shi ke ba shi labarin abin da ya faru a shirin jiya. A watan Fabrairun 2020 fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho ya lashe kyaututtukan Oscar huɗu, har da ta gwarzon fim na shekara, abin da wani fim da ba na Turanci ba bai taɓa samu ba. A 2021 Squid Game ya mamaye duniya. A Afrilun 2023, lokacin da shugaban Koriya ta Kudu ya kai ziyara Washington, kamfanin Netflix ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 a shirye-shiryen Koriya cikin shekara huɗu.

Mai karatu na Arewa ba baƙo ba ne a nan, domin shirin Koriya na Jumong ya hana matasan Kano da Zariya barci da wuri tun kafin Turawa su farga. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka kai ga haka.

Abin da Koriya ta yi

A 1994 wani kwamitin ba da shawara ya gabatar wa Shugaba Kim Young-sam da lissafin da ya zama abin kwatance a ƙasar: kuɗin da fim guda na Amurka, Jurassic Park, ya samu sun yi daidai da na sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi a ƙasashen waje. Ga ƙasar da ke tinƙaho da ƙera mota da jirgin ruwa, wannan magana ta shiga kunne. Amma matakan da ƙasar ta ɗauka su ne darasin. Tun 1984 akwai makarantar koyon fim ta gwamnati, wadda Bong Joon-ho kansa ya yi karatu a cikinta. Akwai dokar da ta tilasta wa kowane gidan sinima nuna finafinan gida na kwana 146 a shekara, wadda sai a 2006 aka rage zuwa 73 saboda matsin lambar cinikayya da Amurka. A 1996 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa yanke fim kafin ya fita ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a wannan shekarar aka fara bikin finafinai na Busan. Shugaba Kim Dae-jung, wanda ya hau mulki a 1998, ya kafa manufarsa a kan cewa gwamnati ta tallafa amma kada ta tsoma baki. A 1999 aka sake fasalin hukumar fim ta ƙasa, aka ba masu sana'ar murya a cikinta, sannan a 2007 aka kafa asusun bunƙasa fim da ake cire masa kashi 3 cikin ɗari daga kowane tikitin sinima. Faransa ta riga su wannan dabara, domin tun 1948 take cire haraji daga tikiti, har na finafinan Amurka, tana mayar da shi cikin finafinanta.

Idan aka duba da kyau, kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya zama kyautar kuɗi ga wani fitaccen jarumi. Makaranta ce, kasuwa ce da aka killace, doka ce da mai zuba jari zai iya dogara da ita, sai asusun da ke cika kansa daga cinikin sana'ar. Ita ma Koriya ta yi tuntuɓe. A zamanin Shugaba Park Geun-hye an bankaɗo jerin sunayen dubban masu fasaha da aka hana tallafi saboda ra'ayin siyasa, kuma sunan Bong Joon-ho na ciki. Wannan ya nuna cewa ko a inda tsari ya kafu, hannun da ke bayarwa yana iya zama hannun da ke shaƙewa.

Ko Amurka tana tallafawa, amma ba duka ke biya ba

Akwai masu cewa Hollywood ba ta taɓa jiran gwamnati ba. Wannan rabin gaskiya ne. Jihohin Amurka da dama suna gasar jawo masu fim da rangwamen haraji. Jojiya tana mayar wa kamfani har kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe a jihar, abin da ya mayar da Atlanta babbar cibiyar ɗaukar fim tun daga 2008. Ita ma Virginia tana da ofishin fim da nata rangwamen, kuma a Richmond da Petersburg Steven Spielberg ya ɗauki fim ɗin Lincoln wanda ya fita a 2012. Sai dai lokacin da hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokokin Virginia ta duba lissafin a 2017, ta tarar cewa abin da ke dawowa baitulmali bai kusa kai abin da aka kashe ba. Jihar Michigan ta soke nata shirin baki ɗaya a 2015. Dalilin a fili yake: kamfani ya zo, ya kafa tanti na wata uku, ya karɓi rabonsa, ya naɗe kaya ya tafi jihar da ta fi bayarwa.

Tallafin da ya fi daɗewa a yankin na wani iri ne daban. A garin Culpeper, kudu maso yamma da Annandale, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe cibiyar adana finafinai da sautuka a 2007, a cikin wani tsohon ginin ƙarƙashin tudu da babban bankin ƙasar ya taɓa ɓoye kuɗi a ciki don gudun yaƙin nukiliya. Miliyoyin faya-fayai na can cikin sanyi, ana gyara su ana kwafe su. Babu ɗan kasuwar da zai yi wannan aiki don riba. A Arlington kuwa, maƙwabciyar Annandale, akwai hedikwatar PBS, gidan talabijin na jama'a da ya raini masu shirin gaskiya da na yara shekaru da yawa. Amma a Yulin 2025 majalisa ta janye dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke raba kuɗin kafofin yaɗa labarai na jama'a, wadda aka kafa tun 1967, har hukumar ta sanar da cewa za ta rufe. Kuɗin da ke jiran kasafin 'yan siyasa na iya ƙafewa dare ɗaya ko a ƙasa mafi arziki.

Shin Kannywood ta tashi ba da gwamnati ba?

Hujja mafi ƙarfi a kan tallafi ita ce tarihin Kannywood kanta. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 ba tare da sisin hukuma ba. Kafin shekara goma, Sangaya da Wasila sun cika kasuwar Ƙofar Wambai da Bata da kaset, 'yan kasuwa na ɗauka zuwa Maraɗi, Damagaram, Agadas da Yawunde, kuma a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar sunanta a mujallar Tauraruwa. Mai wannan hujja zai ce abin da ya girma da kansa a bar shi ya ci gaba da kansa.

Amma ƙasar da irin ya tsiro a cikinta gwamnati ce ta share ta. Masu kallon da suka sayi kaset ɗin farko sun taso ne da Samanja da Karambana da Kuliya Manta Sabo a gidajen talabijin na gwamnati. Da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto da masu tace shi na farko sun koyi aiki ne a NTA da CTV ta Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. Kafin nan ma, da kuɗin gwamnati Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Makomar wannan fim kaɗai ta isa hujja a kan rashin rumbun ajiya: ya ɓace shekaru da dama, sai da aka tono gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Najeriya a Legas, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Fim ɗin ya tsira ne da sa'a. Ɗaruruwan finafinan kaset na shekarun 1990 ba su samu wannan sa'ar ba, kuma zafi da ƙura ba sa jira. Nijar ma ta ga irin haka. Oumarou Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972, ƙasar tana sahun gaba a Afirka a lokacin, amma da babu tsarin da zai riƙe abin, sai harkar ta yi sanyi bayan zamaninsa da na Moustapha Alassane.

Akwai kuma misali na kusa, wanda ya haɗa Washington da Kano kai tsaye. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Mutum na iya samun ra'ayi a kan manufar masu ba da kuɗin, kuma da dalili, amma ba a musun abin da ya fito: ɗakin ɗaukar shiri, marubutan da aka horar su rubuta labari mai dogon zango, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, waɗanda suka canja ɗanɗanon masu kallo suka share fage wa Labarina da Izzar So. Kuɗin sun shiga horo da hanyar isa ga mai kallo, shi ya sa suka bar baya.

Abin da aka gwada a Najeriya

Ba a rasa alkawura ba. A 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar da asusun dala miliyan 200 na masana'antar nishaɗi ta hannun bankuna, a 2013 ta ƙara da naira biliyan 3 a shirin Project ACT Nollywood, a 2019 kuma Babban Bankin Najeriya ya fito da rancen masu fasaha mai ruwan kashi 9 cikin ɗari. Kaɗan ne daga cikin wannan ya iso Kano, kuma dalilin bai tsaya ga wariya ba. Banki yana neman takardar fili a matsayin jingina, yana neman littafin shige da ficen kuɗi na shekaru, alhali furodusan Kannywood da yawa jarinsa daga aljihun ɗan'uwa ne ko wani Alhaji na kasuwa, cinikinsa kuma na baki da baki ne. Sannan ga batun riba. Mutumin da ya riga yana shan suka cewa sana'arsa ba ta dace ba, da wuya ya ƙara wa kansa bashi da ruwa. Duk wanda ya tsara tallafi ga Arewa bai lura da wannan ba, ya tsara shi ne don wasu.

Sai dandalin shirya finafinai na Kofa a ƙaramar hukumar Bebeji, wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta ware wa naira biliyan 3 a 2016, ta kuma janye cikin 'yan makonni bayan malamai sun yi ca a kan mumbari da kafafen sada zumunta. An daɗe ana ɗora laifin a kan malaman kaɗai. A ganina masu shirin ma suna da nasu kason. An fara da gini kafin a fara da magana, ba a zauna da malamai da masu unguwanni ba, ba a kuma bayyana wa jama'a cewa mafi yawan masu cin abinci a fim kafintoci ne da teloli da masu lantarki da direbobi da masu dafa abinci ba. Har ma da an gina shi, tambayar za ta rage: fim ɗin da aka yi a ciki, ina za a sayar da shi?

A ɓangaren jiha kuwa, babbar hulɗar gwamnatin Kano da 'yan fim ta hannun Hukumar Tace Finafinai ce, wadda aka kafa a 2001. A 2007, bayan abin kunyar bidiyon waya da ya tayar da ƙura, an dakatar da ɗaukar fim na watanni, da yawa suka koma Kaduna da Jos. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya. A Mayun 2025 ma hukumar ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a tashi ɗaya.

Batun tarbiyya da batun sata

A nan dole a yi wa masu adawa adalci. Uban da ke tsoron abin da 'yarsa ke kallo ba jahili ba ne, kuma al'umma na da haƙƙin gindaya iyaka. Koriya ta soke yanke fim, amma ba ta soke rarraba shi bisa shekarun mai kallo ba. Abin da ke korar jari shi ne iyakar da ba a san inda take ba, wadda ke matsawa duk lokacin da aka canja shugaban hukuma. Ƙa'ida mai tsauri wadda aka rubuta, aka san kuɗinta da kwanakinta da inda za a ɗaukaka ƙara, ta fi wa mai sana'a sauƙi a kan sassaucin da ya dogara ga fuskar mutum ɗaya. Kuma mai kishin tarbiyya ya tambayi kansa abin da ke cike gurbin idan fim ɗin Hausa ya mutu. Wayar ba za ta zauna babu komai ba. Fassarar finafinan Indiya da na Turkiyya da gajerun bidiyon TikTok ne za su cika ta, kuma babu hukumar Kano da ke da iko da Mumbai ko Istanbul.

Mai cewa za a sace kuɗin shi ma yana da gaskiya, idan rabo za a yi. Shi ya sa kwatancen da ya fi dacewa shi ne na madatsar Tiga da magudanan Kadawa. Gwamnatin Audu Baƙo ba ta shuka wa kowa shinkafa ba, ba ta kuma zaɓi manomin da ta fi so ta cika masa aljihu ba. Ruwa ta tara ta ja shi zuwa bakin gona, abin da manomi ɗaya ba zai iya ba komai ƙwazonsa, kuma har yau Kura na cin moriyarsa. A harkar fim, ruwan shi ne hanyar da kuɗin mai kallo zai bi ya isa hannun wanda ya yi aikin. Wannan hanya ce ta toshe tun da kasuwar faifai ta rushe, masu tura finafinai a waya suka maye gurbinta suna karɓar 'yan canji ba tare da furodusa ya ga komai ba. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma kama matasan da ke tura fim a bakin kasuwa ba zai dawo da kuɗin ba. Su ne rassan rarraba da suka riga suka isa kowane lungu. A yi musu rajista, a ba su finafinan da lasisi, su riƙa biyan kaso, ya fi a mayar da su ɓarayin dindindin. Haka ƙananan gidajen kallo na unguwa masu tsafta da tsaro, da keɓe wurin iyali, sun fi katafaren gini guda amfani a jihar da yawan mutanenta ya zarce na ƙasashe da dama. Asusun jari kuma ya kamata ya tsaya a kan mudaraba ko musharaka, a raba riba a raba asara, tsarin da bankin Jaiz ya shigo da shi tun 2012 kuma ya dace da fim fiye da bashi, tunda babu wanda ya san fim ɗin da zai karɓu kafin ya fita. Irin wannan asusu masu sana'a da akantoci ne za su riƙe shi, a buga sunan duk wanda ya karɓa da abin da ya dawo da shi. Ga mai tambayar asibiti da makaranta kuwa, kuɗin da ake magana ba su kai na gadar sama ɗaya ba, kuma mafi yawan aikin na doka ne da tsari.

Ina aka dosa?

Alamun buɗi suna nan. An kafa ma'aikatar tattalin arzikin fasaha a 2023 ƙarƙashin Hannatu Musawa, a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, kuma a wannan shekarar Najeriya ta aika Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, zuwa gasar Oscar. Naɗi dai ba tsari ba ne, kuma za a auna waɗannan kujeru ne da abin da ya rage bayan masu su sun sauka. Jiran manyan kamfanonin waje ma ba dabara ba ce: Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shiryen Afirka a farkon 2024. Koriya sai da ta gina gidanta kafin Netflix ya zo da kuɗinsa.

A yanzu YouTube ne ke riƙe da mafi yawan masu shirin Hausa, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa 'yan ƙalilan ɗin Hausawan da ke Virginia da Maryland, da na Landan da Jidda, suka fi yawansu nauyi: kuɗin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, don haka kallo ɗaya daga Annandale na iya biyan abin da kallo da yawa daga Fagge ba su biya ba. Yadda ake wannan lissafi, da abin da ya sa shiri mai miliyoyin masu kallo kan kasa biyan ma'aikatansa, da ko manhajoji na gida irin su Northflix da Kallo za su iya tsayawa, shi ne abin da babi na gaba zai bi diddigi.